Emil Vodder: Mai Tausar da Ya Buɗe Hanyar Kula da Kumburin Ƙafa da Hannu

An haifi Emil Vodder a Kofanhegin, babban birnin ƙasar Denmak, a shekarar 1896. Burinsa ya zama likita, har ya yi nisa a karatun, sai zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, karatun bai ƙarasu ba. Laƙabin dakta da ake kiransa da shi daga wani fannin ilimi ya samo shi daga baya.

Da shi da matarsa Estrid sai suka kama sana'ar tausa a kudancin Faransa. A can, a 1932, ya lura cewa masu zuwa wurinsa da mura mai naci yawancinsu suna da kaluluwa a wuya. Likitocin zamanin sun hana a taɓa kaluluwa, don tsoron kada a watsa cuta cikin jiki. Shi kuwa ya gwada shafa ta a hankali, ya ga kumburin yana saɓewa.

Abin da yake motsawa shi ne wani farin ruwa, limf, da ke bin ƙananan hanyoyi a ƙarƙashin fata, kaluluwa ta tace shi, sannan ya koma cikin jini a gindin wuya. Idan hanyoyin suka toshe ko aka yanke su, ruwan ya taru, ƙafa ko hannu ya kumbura, fata ta yi kauri. Hanyoyin siriri ne ƙwarai, matsa da ƙarfi rufe su take yi. Shi ya sa tausar Vodder ba irin wadda muka saba ba ce: fata kawai ake ja a hankali, kuma daga wuya ake farawa, a buɗe wa ruwan hanya kafin a gangaro inda ya kumbura.

Ya gabatar da dabarar a birnin Faris a 1936, amma likitoci suka yi biris da ita shekara da shekaru, tunda mai ita ba nasu ba ne. Masu gyaran fata ne suka riƙe ta. Sai bayan 1960 wani likitan Jamus, Johannes Asdonk, ya gwada ta a kan marasa lafiya, daga baya Farfesa Michael Földi ya haɗa ta da ɗaurin bandeji, motsa jiki da tsabtace fata. Haɗin da asibitoci ke bi ke nan yau.

Gaskiyar magana, tausar ita kaɗai ba ta isa ba. Binciken da aka yi bayan Vodder ya nuna ɗaurin ne ke yin mafi yawan aikin. Ana naɗa bandeji marar talewa sosai, daga yatsu zuwa sama, na wasu makonni, in kumburin ya ragu a koma sa safa ta musamman da rana. Wanda aka tausa bai ɗaure ba, ruwan komawa yake yi.

A nan Kano, cikin abubuwan da ke kawo wannan kumburi akwai waɗannan biyu: tundurmi, wanda tsutsar da sauro ke yaɗawa take toshe hanyoyin ruwan, da kumburin hannu bayan aikin sankarar mama. Mai tundurmi ya wanke ƙafar kullum da sabulu, ya tsane tsakanin yatsu, ya sa takalmi, ya ɗaga ƙafar idan zai kwanta. Tsaga, ƙaho da gashi da ruwan zafi ƙofa suke buɗe wa ƙwayoyin cuta, kuma duk lokacin da ƙafar ta harbu kumburin ƙaruwa yake yi.

Kada kowa ya ɗaure ƙafa kafin likita ya duba shi. Kumburin ƙafa biyu yana iya zama ciwon zuciya ko na ƙoda. Idan kuma ƙafar ta yi ja, ta ɗau zafi, ga zazzaɓi, ba a tausa ta, asibiti za a nufa a ranar. Mazauna Ƙofar Nassarawa Asibitin Murtala na kusa da su, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma yana da sashen fisiyo.

Vodder ya koma Kofanhegin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya ci gaba da koyarwa har tsufansa. A 1972 Günther da Hildegard Wittlinger suka buɗe makaranta da sunansa a garin Walchsee na ƙasar Ostiriya. Ya rasu a watan Fabrairun 1986, saura 'yan kwanaki ya cika shekara 90.