Shaftesbury, Ɗan Sarauta Mai Bin Sawun Yaran Titi

Wanda ya taɓa shiga motar Gwarzo da asuba ya sauka Kano ta Kabuga ya san abin da ido ke gani. Ga yara kwance a gindin rumfunan kasuwa da bakin tasha, kwali ne tabarmarsu. Waɗansu daga ƙauyuka irin su Durun da Kabo suka fito, waɗansu kuwa a birni aka haife su, gidan haya ya fi ƙarfin iyayensu. Alhakinsu a kan wa ya ke? Bari mu ba ku labarin wani mutumin Ingila wanda ya ƙare ransa a kan wannan tambaya.

Sunansa Anthony Ashley Cooper, amma an fi saninsa da sarautar gidansu, watau Shaftesbury. An haife shi a Landan ran 28 ga Afrilu, 1801. Gidan arziki ne, amma uwa da uba ba su kula da shi ba. Wata baranyar gida mai suna Maria Millis ita ta rene shi, ta koya masa addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki. Ta rasu yana yaro, ta bar masa agogonta, ya kuwa riƙe shi har tsufansa. Sa'ad da ya ke makarantar Harrow ya ga waɗansu bugaggu ɗauke da akwatin gawar wani matsiyaci, suna tangaɗi har akwatin ya faɗi ƙasa. Tun daga ran nan ya ƙudura zai ba da kansa ga talakawa.

Ya shiga Majalisar Wakilai a 1826. A zamanin nan a kan sa yara ƙanana aiki a masaƙu da ramukan kwal tun asuba har dare. A 1842 ya kawo dokar da ta hana a shigar da mata, da 'yan mata, da yara maza waɗanda ba su kai shekara 10 ba cikin rami. Tun 1833 ya ke neman a rage wa yara da mata lokacin aiki a masaƙu zuwa awa 10, ba a yarda ba sai 1847.

Ba ya magana a kan abin da bai gani da idonsa ba. Ya kan ɗauki fitila da tsakar dare ya bi lungunan Landan, ya tarar da yara kwance ƙarƙashin gadoji. A 1844 aka haɗa ƙungiyar makarantun yara masu tsumma, inda a ke koyar da su kyauta, a kuma ba su abinci. Shi ne shugabanta har mutuwarsa. Amma ya gane sadaka ba ta kai ko'ina ba. Saboda haka a 1848 ya tsaya gaban Majalisa ya bayyana mata akwai yara wajen 30,000 masu gararamba a Landan, ya ce nauyinsu na ƙasa ne duka.

Ya kuma lura yaro ba ya kwana waje sai gida ya lalace tukuna. Ƙungiyar gyaran zaman ma'aikata, wadda ya ke jagora, ta gina gida a titin Streatham a 1850 domin iyalai 48, da haya mai sauƙi. A 1851 aka kafa dokarsa ta gidajen kwana, wadda ta ce lalle a rubuta kowane gida a littafin hukuma, a riƙa duba tsabtarsa da yawan masu kwana ciki. A 1853 ya sa aka tilasta wa kamfanonin jirgin ƙasa su faɗi yawan gidajen talakawa da za su rushe kafin a ba su izinin aiki. Da ya gaji mahaifinsa a 1851 ya iske manoman gonakin gidansu suna zaune cikin kangaye, ga bashi kuma jibge. Ya ji kunya ƙwarai, ya shiga gina musu ɗakuna, gama mai gyaran gari sai ya fara da tsakar gidansa.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne sha'anin yara masu share bututun hayaƙi. Ingila ƙasar sanyi ce, kowane gida da murhunsa, sai a tura ƙaramin yaro, sau da yawa maraya, ya hau cikin bututu ya kankare kunkunniya. An yi dokar hani a 1840, an sake a 1864, amma ba mai bi, domin ba a sa kowa tsaronta ba. A 1875 wani yaro mai suna George Brewster ya maƙale a bututu ya mutu. Shaftesbury, yana da shekara 74, ya sake tashi. Dokar shekaran nan ta ce kowane mai wannan sana'a sai ya karɓi lasin, ta kuma ɗora tsaron a wuyan 'yan sanda. Sa'an nan ne abin ya ƙare.

Ya rasu ran 1 ga Oktoba, 1885. Ranar da aka yi masa addu'a a majami'ar Westminster, talakawan Landan suka yi layi a bakin hanya cikin ruwan sama, har da masu goge takalma da 'yan talla.

To, 'yan'uwa, mu ma muna da dokoki. Akwai Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003, a 2023 kuma aka kafa hukumar kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa makaranta. Dokar 1840 ta kwana a takarda shekara 35 yara suna mutuwa, har aka sami mai tsaronta. Kafin ka tura ɗanka birni, ka san inda zai kwana da wanda zai ci da shi. In kuwa wakilinku ya zo gari, ku tambaye shi wa aka sa ya riƙa zaga tasha da dare, nawa kuma aka ware domin aikin.