Richard Bright: Ɗan Attajirin Da Ya Gano Ciwon Ƙoda Da Cokali Da Kyandir

Da wuya a samu kasuwar da ba a taɓa rasa wani ɗan kasuwa ta wannan hanya ba: mutum yana cikin harkarsa, sai ƙafafu su fara kumbura, fuska ta yi suntum da safe, a ce sanyi ne, a ce maiƙo ne, wasu ma su ce jifa ne. Kafin a kai shi asibiti lokaci ya ƙure, likita ya ce ƙoda ce ta daina aiki. Yau za mu kawo wa masu karatu tarihin likitan da ya tabbatar wa duniya cewa wannan ciwo yana barin alamarsa a cikin fitsari, kuma ana iya ganinta da kayan aiki marasa tsada. Sunansa Richard Bright, mutumin Ingila, wanda ya rasu fiye da shekara 160 da suka wuce.

An haife shi ranar 28 ga watan Satumba na shekarar 1789 a Biristol, birni mai tashar jiragen ruwa a yammacin Ingila. Mahaifinsa attajiri ne, ɗan kasuwa kuma mai harkar banki, don haka yaron ya tashi cikin wadata. A shekarar 1808 ya shiga Jami'ar Edinbura da ke Sikotilan, inda ya karanci aikin likita, ya kuma samu horo a asibitin Guy da ke Landan.

Tun yana saurayi Bright mutum ne mai son tafiye-tafiye. A 1810 ya bi ayarin Sir George Mackenzie zuwa tsibirin Aisilan, yana nazarin tsirrai da dabbobi. A tsakanin 1814 da 1815 ya zagaya ƙasashen Turai, ya ziyarci asibitocin Biyana, ya ratsa ƙasar Hangari, a hanyarsa ta komawa gida kuma ya tsaya a Birasel ya ga sojojin da aka raunata a yaƙin Watalu. A 1818 ya fitar da littafi a kan tafiyarsa ta Hangari, da zane-zanen da ya yi da hannunsa. Wannan ɗabi'a ta duba abu da kyau, a rubuta shi, a zana shi yadda yake, ita ce ta zama jarinsa a aikin likita.

A shekarar 1820 aka ɗauke shi mataimakin likita a asibitin Guy, a 1824 ya zama cikakken likita. A tsakanin nan ya gamu da babban rashi, domin matarsa ta fari ta rasu a 1823 jim kaɗan bayan ta haihu. A wannan asibiti ya yi zamani da Thomas Addison da Thomas Hodgkin, waɗanda su ma har yau ake kiran wasu cututtuka da sunayensu.

A wancan lokaci gadajen asibitin cike suke da talakawan Landan masu fama da kumburin jiki. Ruwa yakan taru musu a ƙafafu da ciki da fuska. Likitoci sun san ciwon zuciya da ciwon hanta suna kawo haka, amma ba a cika kawo ƙoda a lissafi ba. Kafin Bright, wasu likitoci irin su Domenico Cotugno na Italiya a 1764 da John Blackall na Ingila a 1813 sun lura cewa fitsarin wasu masu kumburi yakan daskare idan an dafa shi, sai dai ba su bi sawun abin har tushensa ba.

Bright ya bi shi. Yakan zuba fitsarin majiyyaci a cokali, ya ɗora a kan harshen wutar kyandir. Fitsarin mai lafiya yakan tafasa garau. Na wasu masu kumburi kuwa sai ya yi fari-fari ya guda, kamar yadda farin ƙwai yake yi a cikin kasko. Abin da ke daskarewar nan wani sinadarin furotin ne da ake kira albumin, wanda mazauninsa cikin jini ne. Bright yakan rubuta abin da ya gani, ya ci gaba da kula da majiyyacin, idan kuma rai ya yi halinsa sai ya binciki gawar. Sau da yawa yakan tarar ƙodar ta lalace: wata ta kumbura ta yi fari, wata ta motse ta yi tauri da kurzunu-kurzunu. Abokin aikinsa John Bostock, masanin harhaɗa sinadarai, yana auna masa fitsarin da jinin, aka kuma gano cewa albumin yana raguwa a jinin waɗannan mutane.

A 1827 ya fitar da littafinsa na rahotannin marasa lafiya, inda ya kawo bayanin mutum sama da 20, da hotunan ƙodojinsu masu launi. A nan ya ɗaure abubuwa uku wuri guda: kumburin jiki, furotin a fitsari, da lalacewar ƙoda. Daga nan likitocin Turai da Amurka suka riƙa kiran ciwon da sunan ciwon Bright, sunan da ya yi kusan shekara ɗari a bakinsu.

Domin mu fahimci abin da ya gano, sai mu ɗauki ƙoda a matsayin rariya. Kowane mutum yana da guda biyu a bayan ciki, kowace girmanta kamar dunƙulen hannu, kuma a cikin kowace akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A kowace rana suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini, su mayar da mai amfani, su fitar da datti a cikin fitsari lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Rariya mai kyau tana riƙe albumin. Idan ta fara ɓulewa sai ya riƙa zurarewa cikin fitsari. Albumin ɗin nan shi ke taimakawa wajen riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini, don haka idan ya yi ƙaranci, ga kuma gishiri da ruwa da ƙodar ta kasa fitarwa, sai ruwan ya malala cikin nama, jiki ya kumbura.

Bright bai tsaya nan ba. A 1836 ya wallafa sakamakon binciken gawarwaki 100 na masu wannan ciwo, tare da bayanin yadda ciwon yake tafiya. Ya nuna cewa mutum zai iya yin ɗan kumburi da fitsari mai jini bayan wani zazzaɓi, abin ya lafa, ya koma bakin aikinsa yana zaton ya warke, alhali ɓarnar tana ci a ɓoye. Bayan wani lokaci sai jiki ya yi fari, ciwon kai ya yawaita, ga amai, ga tashi fitsari cikin dare, gani ya ragu, daga ƙarshe a shiga jijjiga ko doguwar suma. Ya kuma lura cewa da yawa daga cikinsu zuciyarsu ta yi kauri, kamar wadda take harba jini da ƙarfin tsiya. A zamaninsa babu na'urar awon hawan jini, domin irin wadda ake ɗaurawa a dantse sai a 1896 wani likitan Italiya, Riva-Rocci, ya ƙirƙiro ta. Yau mun san abin da Bright ya hango: hawan jini yana lalata ƙoda, ƙoda mai ciwo kuma tana ƙara hawan jini.

A 1842 hukumar asibitin ta ware masa ɗakuna biyu masu gado 42 domin masu ciwon ƙoda kaɗai, da ɗakin gwaji a tsakaninsu, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Tun a 1837 an naɗa shi cikin likitocin Sarauniya Biktoriya. Duk da wannan ɗaukaka, maganin da ke hannunsa bai wuce na zamaninsa ba, wato zubar da jini, ƙaho, da magungunan sa zawo da gumi, waɗanda ba su tsinana wa ƙoda abin kirki ba. Ya san ciwon, amma ba shi da abin tare shi. Ya rasu a Landan ranar 16 ga Disamba 1858, yana da shekara 69, sanadiyyar ciwon zuciya.

Bayansa ilimi ya ci gaba. A 1945 Willem Kolff, wani likitan ƙasar Holan, ya ceci ran wata mata da na'urar wankin ƙoda da ya haɗa da kansa. A 1954 aka yi nasarar dashen ƙoda tsakanin wasu tagwaye a birnin Boston na Amurka. Sai dai duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san nauyin abin. Bisa ƙa'ida sau uku ake yi a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, kuma cibiyoyin suna manyan birane, nesa da yawancin kasuwanninmu na kan iyaka. Rumfa takan rufe, jari ya narke, a sayar da gida da gona, ciwon kuma yana nan.

Saboda haka darasin Bright ya fi amfani gare mu a farkon ciwo. Ƙoda ba ta cika yin ƙara ba. Takan yi asarar babban kaso na ƙarfinta mutum bai ji komai ba. Amma furotin yakan bayyana a fitsari tun kafin ƙafa ta kumbura. Aikin da cokali da kyandir suka yi, yanzu ɗan tsinken takarda ne ake tsomawa a fitsari, cikin minti biyu ya canza launi. Akwai kuma gwajin jini na kiriyatinin da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Idan an gano da wuri, akwai magungunan hawan jini da na suga da ke rage saurin lalacewarta, mutum ya yi shekaru yana harkarsa.

Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma a duniya yana da ciwon ƙoda mai daɗewa, kuma ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba wajen jawo shi. Duk mai ɗaya daga cikin biyun, ko wanda aka taɓa yin ciwon ƙoda a gidansu, ya kamata ya yi gwajin fitsari da na jini aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana jin kansa garau. Wanda ya ga fitsarinsa yana yawan kumfa, ko jini a ciki, ko idanunsa suna kumbura da safe, kada ya jira ranar kasuwa ta wuce. Jini a fitsari ba alamar balaga ba ce. Sau da yawa tsargiya ce, wadda idan aka bar ta takan toshe hanyar fitsari ta taɓa ƙoda.

Muna kuma jan hankalin ƴan'uwa fatake, direbobi da ƴan dako game da ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye a faranti ana sha kullum don a kori gajiya. Yawan shansu yana cutar da ƙoda, musamman ga wanda ya yini cikin rana bai sha ruwa ba. Haka nan jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba. A rage gishiri da dunƙulen miya, a ajiye ruwa kusa a rumfa da mota.

Tun daga 2006 ake tunawa da Ranar Ƙoda ta Duniya a Alhamis ta biyu ta watan Maris. Amma ɗan kasuwar kirki ba ya jiran ƙarshen shekara kafin ya san ko kayansa suna zurarewa. Majiyyatan Bright sun zo masa a makare, a lokacin da babu magani. Mu muna da gwajin, muna da maganin, abin da ya rage shi ne mu je tun ƙafafunmu suna shiga takalmi. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.