Enzo Ferrari: dillalin motar da ya mayar da ƙarancin kaya jarinsa

A kasuwannin dabbobi na gundumar Dakoro, daga Bader Goula har Kornaka, ba sai an koya wa kowa yadda kuɗin rago ke tashi ba idan sallar layya ta matso. Rago mai kyau guda ne, masu sonsa biyar, sai dillali ya riƙe igiya, duk tayin da aka yi ya ce albarka, har sai wanda ya fi matsuwa ya ƙara. Irin wannan ciniki ne ake yi a kan sabbin motocin gudu na alfarma a Turai da Amurka: kamfani ya rubuta farashi a takarda, mai saye ya je wurin dillali ya tarar sai ya ɗora wani abu a kai kafin a miƙa masa makulli. Mutumin da ya fi kowa gina sunansa a kan wannan tsari shi ne Enzo Ferrari, ɗan ƙasar Italiya, wanda ya rasu a shekara ta 1988. Motocinsa ba za su yi ko kilomita ɗaya a yashin arewacin jihar Maradi ba, don ƙirjinsu kusan taɓa ƙasa yake, amma dabarar da ya sayar da su da ita makiyayi zai gane ta nan take.

Ɗan maƙeri daga Modena

An haifi Enzo Ferrari a watan Fabrairu na 1898 a birnin Modena da ke arewacin Italiya. Mahaifinsa Alfredo yana da ƙaramar ma'aikatar ƙira da ke yi wa hukumar jirgin ƙasa kayan ƙarfe. A 1908, yana da shekara goma, mahaifin ya kai shi kallon tseren motoci a Bologna, tun daga ranar kuma hankalinsa ya koma kan mota.

Yaƙin duniya na farko ya wargaza gidan. A 1916 rashin lafiya ta ɗauke mahaifinsa da wansa, ma'aikatar ta durƙushe. Shi kuma aka ɗauke shi soja, inda aka ba shi aikin sanya wa alfadarai takalman ƙarfe a rundunar da ke yaƙi a kan duwatsu. Annobar murar 1918 ta kusa kashe shi, aka sallame shi. Ya nufi Torino neman aiki a kamfanin Fiat, aka ce babu gurbi. A ƙarshe wani ƙaramin kamfani na Milano mai suna CMN ya ɗauke shi direban gwajin motoci, a nan ya shiga tserensa na farko a 1919.

Shekara guda bayan haka ya koma Alfa Romeo, ya zo na biyu a tseren Targa Florio na tsibirin Sisili. A 1923 ya ci wani tsere kusa da Ravenna, inda ya san iyayen Francesco Baracca, matuƙin jirgin yaƙin da aka kashe a 1918. Baracca yana zana baƙin doki mai ɗage ƙafafun gaba a jikin jirginsa, mahaifiyarsa ce ta ba Ferrari izinin amfani da shi. Ya ɗora dokin a kan launi ruwan ɗorawa, launin birnin Modena, shi ne tambarin kamfanin har yau.

Direba ne, amma ciniki ya fi iyawa

Abin da masu ba da tarihinsa kan wuce da sauri shi ne, a shekarun 1920 Ferrari dillali ne. Shi ne wakilin da ke sayar da motocin Alfa Romeo a yankinsu, yana da garejinsa a Modena. A nan ya san masu kuɗi ido da ido. Ya lura cewa attajirin da ke sayen motar gudu ba abin hawa yake nema ba, don yana da shi. So yake a gan shi cikin motar da ta ci tsere ranar Lahadi, wadda maƙwabcinsa bai samu ba.

A kan wannan ilimi ya kafa ƙungiyar tsere ta Scuderia Ferrari a ƙarshen 1929. Attajirai masu sha'awar tuƙi suka zuba jari, shi kuma yana shirya musu motocin Alfa Romeo, yana ɗaukar ƙwararrun direbobi irin su Tazio Nuvolari. Da aka haifa masa ɗansa Dino a 1932, ya bar tuƙin tsere gaba ɗaya. A 1939 ya raba gari da Alfa Romeo bisa sharaɗin ba zai sa sunansa a kan motar tsere ba har shekara huɗu. Lokacin yaƙin duniya na biyu ma'aikatarsa ta koma ƙera injinan aiki, a 1943 ya mayar da ita ƙauyen Maranello, jiragen ƙawance suka yi mata ruwan bama-bamai, ya sake gina ta.

Mota ta farko mai ɗauke da sunansa, 125 S, ta fito a 1947, yana da shekara 49. A watan Mayu na shekarar ta ci tsere a Roma. Tsere kuwa cin kuɗi gare shi, don haka Ferrari ya shiga ƙera motocin hawa yana sayarwa domin ya samu abin ciyar da ƙungiyarsa. Ba ya ɓoye cewa tseren ne ya dame shi, masu saye kuwa hanyar samun kuɗi ce.

Mai saye ke neman yardar mai sayarwa

Kasuwar da ta fi kawo masa kuɗi ita ce Amurka, wanda ya buɗe masa ita kuma shi ne Luigi Chinetti, tsohon abokin aikinsa a Alfa Romeo. A 1949 Chinetti ya ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da motar Ferrari, shi ya tuƙa kusan dukkan tsawon lokacin. Daga nan ya zama wakilin kamfanin a New York.

A wancan zamani cinikin mota a Amurka ya lalace da wasa da farashi. Dillalai kan kumbura kuɗin sabuwar mota, sannan su nuna kamar sun yi ragi ko sun sayi tsohuwar motar mutum da tsada. A 1958 majalisar dokokin ƙasar ta yi doka, bisa jagorancin Sanata Mike Monroney, wadda ta tilasta liƙa takardar farashin kamfani a gilashin kowace sabuwar mota. Dokar ta ba mai saye damar ganin farashin, amma ba ta hana dillali karɓar fiye da shi ba. Dillali ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, kamfani na ba shi kason motoci ƙidayayye. Idan masu so sun fi kason yawa, yana iya ɗora ƙari a fili, ko ya ɗaura wa motar kayan ƙawa masu tsada da ba a nema ba, ko ya fifita wanda ya riga ya sayi wasu motoci a hannunsa.

Ferrari ya gane cewa wannan giɓi tsakanin masu so da abin da ke akwai shi ne darajar sunansa. Ana danganta masa ƙa'idar cewa kullum a ƙera ƙasa da abin da kasuwa ke buƙata, ko da da mota ɗaya ne. Misali mafi shahara shi ne 250 GTO, wadda aka ƙera guda 36 kacal daga 1962 zuwa 1964. Kuɗinta a Amurka dalar Amurka 18,000 ne, amma kuɗi kaɗai ba sa isa: sai Ferrari da kansa, ko Chinetti, ya yarda da mutum kafin a sayar masa. A 2018 an yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a Kaliforniya a kan fiye da dalar Amurka miliyan 48.

Wannan isa ta jawo masa abokan gaba. An daɗe ana ba da labarin Ferruccio Lamborghini, mai kamfanin taraktoci, wanda ya kai ƙorafi a kan kulocin Ferrarinsa bai ji daɗin amsar da ya samu ba. Abin da ya tabbata shi ne a 1963 Lamborghini ya kafa nasa kamfanin motocin gudu a Sant'Agata Bolognese, ba nisa da Modena.

Rayukan da tseren ya ci

Sunan da ke sa mutane biyan ƙari a fagen tsere aka samo shi, kuma rayuka sun tafi a kai. Alberto Ascari ya ci kambun duniya na Formula 1 da Ferrari a 1952 da 1953. A 1957, a tseren Mille Miglia da ake yi a kan titunan jama'a, tayar motar Alfonso de Portago ta fashe kusa da ƙauyen Guidizzolo. Shi da abokin tafiyarsa suka mutu tare da ƴan kallo tara, biyar daga cikinsu yara. Aka gurfanar da Ferrari gaban kotu bisa tuhumar kisa ba da gangan ba, sai a 1961 aka wanke shi. A shekarar kuma direbansa Wolfgang von Trips ya mutu a Monza tare da ƴan kallo 15.

A gida ma bai tsira ba. Ɗansa Dino, wanda yake sa ran zai gaje shi, ya rasu a 1956 yana da shekara 24, bayan doguwar jinyar ciwon da ke cinye tsokar jiki. Daga nan Ferrari ya ƙara janye jikinsa. Da wuya ya bar yankin Modena da Maranello, ya daina zuwa kallon tseren motocinsa, kullum yana sanye da baƙin tabarau.

Ƙera motoci kaɗan na ɗaga suna, amma ba ya biyan kuɗin tsere. A 1963 ya kusa sayar da kamfanin ga Ford na Amurka, ya fasa a ƙarshe da ya ga zai rasa iko a kan ƙungiyar tseren. Ford ya rama da cin Le Mans sau huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969. A 1969 Fiat, kamfanin da ya hana shi aiki shekara hamsin da suka wuce, ya sayi rabin hannun jarin Ferrari, ya bar masa ragamar tsere.

Motar ƙarshe da ƴan baranda

A watan Yuli na 1987, don cikar kamfanin shekara 40, aka fito da F40, mota ta ƙarshe da Ferrari ya amince da ita da kansa. Tana gudun kilomita 324 a awa. An shirya ƙera guda 400, farashinta a takarda kimanin dalar Amurka 400,000, wato wajen miliyan 120 na sefa a canjin wancan lokaci, kafin a karya darajar sefa a 1994. Masu neman ta sun ninka adadin da aka tsara.

Ranar 14 ga Agusta 1988 Ferrari ya rasu a Modena yana da shekara 90. Bisa wasiyyarsa, sai da aka yi masa jana'iza a cikin dangi kafin a sanar da duniya. Bayan wata guda motocinsa suka zo ta ɗaya da ta biyu a Monza, tsere ɗaya tilo da kamfanin McLaren bai ci ba a wannan shekara.

Mutuwar tasa ta hura wutar kasuwa. Ƴan baranda, waɗanda ba tuƙi ya dame su ba, suka yi ca a kan F40, suna saye don su sayar. Sabuwar mota ta riƙa canza hannu a kan fiye da ninkin farashinta, wasu har sama da dalar Amurka miliyan ɗaya. Kamfanin, wanda kashi 90 cikin ɗari nasa ya koma hannun Fiat, ya ga kuɗin da ke zuba a aljihun wasu, sai ya ci gaba da ƙerawa. Kafin a tsaya a 1992 an fitar da fiye da guda 1,300, sama da ninki uku na abin da aka faɗa da farko. A daidai lokacin tattalin arzikin manyan ƙasashe ya ja baya, farashin ya faɗi, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka tafka hasara.

Magadansa sun ɗauki darasi. Da aka fito da F50 a 1995, guda 349 kawai aka ƙera, a Amurka kuma ba a sayar da ita kai tsaye ba: haya aka ba zaɓaɓɓun mutane ta shekara biyu kafin ta zama tasu, don a toshe wa ƴan baranda hanya. Har yanzu kamfanin na zaɓar wanda zai sayar wa motocinsa na musamman, yana duba waɗanda suka daɗe suna saye a hannunsa. A 2023 ya fitar da motoci 13,663 a duniya baki ɗaya, alhali Toyota na sayar da fiye da miliyan goma a shekara. Ɗansa na biyu, Piero, wanda aka haifa a 1945, yana riƙe da kimanin kashi goma na kamfanin.

A nan kwatancin da kasuwar dabbobi ya tsaya. Makiyayin Bader Goula ba shi da yadda zai ƙara yawan raguna mako biyu kafin salla, ƙarancinsa na gaskiya ne, ruwan sama da ciyawa suka yanke shi. Ƙarancin motar Ferrari kuwa shawara ce da ake yankewa a ofis a Maranello. Duk wanda ya biya dillali ƙari a kan farashin takarda ya dogara ne da cewa mai ƙerawa ba zai canza shawara ba. Masu sayen F40 na 1989 sun dogara da adadin 400, kamfanin kuma ya ƙera wasu fiye da 900 a kai.