Oscar Micheaux, Manomin da Ya Buɗe wa Baƙar Fatar Amurka Ƙofar Shirya Fina-finai

A ran 25 ga watan Maris na shekarar 1951, wani dattijo baƙar fata mai shekaru 67 da haihuwa ya rasu a birnin Charlotte na jihar Carolina ta Arewa a ƙasar Amurka, sakamakon ciwon zuciya, yana cikin balaguron kasuwanci kamar yadda ya saba. Rasuwar tasa ba ta ja hankalin jama'a sosai ba a lokacin. To amma wannan mutum, Oscar Micheaux, wanda ake furta sunansa Misho, ya shirya fina-finai sama da 40 a cikin shekaru kusan 30, ba tare da dogaro da ko ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Hollywood ba. Shi ne ke rubuta labari, shi ne darekta, shi ne ke nemo kuɗi, kuma shi ne ke ɗaukar fim ɗin ya shiga gari-gari yana talla.

An haifi Micheaux ran 2 ga watan Janairu na shekarar 1884 a wata gona kusa da garin Metropolis a jihar Illinois. Mahaifinsa an haife shi ne cikin bauta a jihar Kentucky, kafin a soke bauta a Amurka a shekarar 1865. Yana ɗan shekara 17 ya bar gida ya nufi birnin Shikago, inda ya yi leburanci a mayanka da kuma masana'antar ƙarfe, ya kuma taɓa kafa wurin goge takalma. Daga bisani ya sami aikin hidima ga fasinjoji a taragun kwana na kamfanin Pullman. Wannan aiki ya zame masa makaranta, domin kuwa ya zagaya jihohin ƙasar, ya ga yadda attajirai ke ƙulla ciniki, ya kuma yi tanadin kuɗi.

Da abin da ya tara ne ya sayi fili a gundumar Gregory ta jihar Dakota ta Kudu, a cikin ƙasar da gwamnati ta yanka daga yankin Rosebud na 'yan asalin Amurka ta buɗe wa manoma a shekarar 1904. Kusan dukan maƙwabtansa farar fata ne, kuma sun girmama shi saboda ƙwazonsa. A shekarar 1910 ya auri 'yar wani limamin coci daga Shikago, amma auren bai yi ƙarko ba, kuma Micheaux ya ɗora alhakin mutuwar auren a kan surukinsa. Ana cikin haka sai fari ya auka wa yankin, bashi ya yi masa katutu, gonar ta kuɓuce masa.

Wannan asara ce ta zama jarinsa na farko. Ya zauna ya rubuta abin da ya same shi a matsayin ƙagaggen labari, aka buga littafin mai suna The Conquest a shekarar 1913. Bai zauna jiran masu kantunan littattafai ba. Shi da kansa ya riƙa bin gida-gida yana sayarwa, ga manoma farar fata na yankin da ya zauna, da kuma ga baƙar fata a garuruwan kudancin ƙasar. A nan ne ya gane abin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, wato duk wanda ya san hanyar da hajarsa za ta bi ta isa hannun mai saye, ba ya bukatar izinin kowa kafin ya yi ta.

A shekarar 1918 kamfanin Lincoln, wanda wasu baƙar fata suka kafa domin shirya fina-finai, ya nemi ya mayar da littafinsa na uku, The Homesteader, ya zama fim. Micheaux ya ce sai dai in da hannunsa a cikin aikin, alhali kuwa bai taɓa riƙe kyamara ba. Da magana ta wargaje, sai ya kafa kamfaninsa, ya koma wurin manoma da 'yan kasuwar da suka sayi littattafansa, ya sayar musu da hannun jari. A farkon shekarar 1919 aka fara nuna fim ɗin a Shikago, tare da Evelyn Preer a matsayin tauraruwa. Masana tarihi na ɗaukarsa a matsayin dogon fim na farko da wani darekta baƙar fata ya shirya a Amurka.

Domin a fahimci girman wannan al'amari, ya kamata a tuna da halin da ake ciki a wancan zamani. A jihohin kudu doka ce ta raba baƙi da farare a makarantu da jiragen ƙasa da gidajen silima, inda akan tura baƙar fata saman bene, ko kuma a ware musu nunin tsakar dare. A fina-finan Hollywood kuwa, baƙar fata bai wuce bara ko abin dariya ba, kuma sau da yawa farar fata ne kan shafa baƙin fenti a fuska su fito a madadinsa. A shekarar 1915 darekta D. W. Griffith ya fito da The Birth of a Nation, fim ɗin da ya nuna 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan a matsayin jarumai, ya kuma nuna baƙar fata a matsayin haɗari ga al'umma. A daidai lokacin kuma dubban ɗaruruwan baƙar fata na yin ƙaura daga karkarar kudu zuwa biranen arewa, suna da 'yan kuɗi a aljihu, suna kuma marmarin ganin irinsu a majigi cikin mutunci. Micheaux ya hango wannan kasuwa da manyan kamfanoni suka raina.

Fim ɗinsa na biyu, Within Our Gates, wanda ya fito a watan Janairu na shekarar 1920, shi ne ya fi shahara a yau. Labarin wata malama ce da ta tafi arewa neman taimako domin ceto makarantar 'ya'yan talakawa baƙar fata a kudu. A ƙarshen fim ɗin ne aka nuna yadda gungun farar fata suka rataye iyayen riƙonta ba tare da shari'a ba, da kuma yadda wani farar fata ya yi yunƙurin yi mata fyaɗe kafin ya gane cewa 'yar cikinsa ce. Hukumar tace fina-finai ta Shikago ta ƙi amincewa da shi da farko, bisa fargabar zai sake rura wutar tarzomar ƙabilanci da ta yi sanadin mutuwar mutane 38 a birnin a shekarar 1919. Sai bayan ja-in-ja aka bari aka nuna shi, yayin da a wasu garuruwan aka yanke sassa ko aka hana nuna shi baki ɗaya.

Irin wannan karo da hukumomi ya bi shi a tsawon aikinsa. A shekarar 1925 ya shirya Body and Soul, fim na farko da shahararren mawaƙin nan Paul Robeson ya fito a ciki, inda ya taka rawar wani mayaudari da ya fake da rigar limamin coci yana cutar mabiyansa. Hukumar tace fina-finai ta jihar New York ta yi watsi da shi, kuma da yake Micheaux ba shi da kuɗin sake ɗauka, sai ya zaftare kusan rabinsa domin ya sami izini. Limamin coci maras amana ya sha fitowa a ayyukansa, abin da masu nazari ke dangantawa da ɗacin aurensa na farko.

Yadda yake gudanar da sana'ar ma abin lura ne. Yakan ɗauki fim a gidajen abokai da ofisoshin aro, cikin 'yan kwanaki, kuma da wuya ya yarda a maimaita ɗauka ko da ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe, saboda tsadar fim ɗin da ake ɗauka a kai. In ya gama, sai ya shiga mota ya bi gidajen silima na baƙar fata ɗaya bayan ɗaya, ya nuna wa masu su hotunan 'yan wasansa, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami na fim ɗin da zai yi nan gaba. Ya kuma san darajar talla, har yakan kwatanta ɗan wasansa Lorenzo Tucker da Rudolph Valentino, tauraron Hollywood na lokacin. Da haka kuɗin fim ɗaya ke haifar da na gaba. A shekarar 1926 ya auri 'yar wasa Alice B. Russell, wadda ta fito a fina-finansa da dama, ta kuma taya shi tafiyar da kamfanin har ƙarshen rayuwarsa.

Sai dai kuma wanda ke ci daga hannu zuwa baki, ƙaramar girgiza kan kayar da shi. A shekarar 1927 fina-finai masu magana suka fara shigowa, kayan aikinsu kuma na da tsadar gaske. A shekarar 1928 Micheaux ya bayyana a hukumance cewa jarinsa ya karye, sannan a shekarar 1929 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Kusan dukan kamfanonin baƙar fata da suka taso tare da shi sun rufe. Shi kuwa ya sake kafa kamfani da kuɗin wasu farar fata masu gidajen silima a unguwar Harlem ta birnin New York, kuma a shekarar 1931 ya fito da The Exile, dogon fim mai magana na farko daga hannun darekta baƙar fata a ƙasar. Ya tsira da sana'arsa, amma daga nan ya zama dole ya riƙa cusa raye-raye da waƙe-waƙen gidajen rawa domin jawo 'yan kallo.

Suka ba daga hukumomi kaɗai ta riƙa zuwa masa ba. Wasu jaridun baƙar fata sun koka da rashin ingancin sauti da haske a fina-finansa, wasu kuma suka zarge shi da tona asirin al'ummarsa ta hanyar nuna caca da shaye-shaye da yaudara, da kuma fifita masu hasken fata a manyan matsayi. A shekarar 1938 matasa sun yi zanga-zanga a Harlem kan fim ɗinsa God's Step Children, har aka janye shi aka yanke wasu sassa. Bayan shekarar 1940 ya dakatar da fim ya koma rubuta littattafai, ya sake tara kuɗi, sannan ya zuba su a fim ɗinsa na ƙarshe, The Betrayal, a shekarar 1948. Fim ɗin ya haura sa'o'i uku, masu sharhi sun yi kaca-kaca da shi, kuma bai mayar da kuɗinsa ba. Bayan shekaru uku ya rasu, aka binne shi a garin Great Bend na jihar Kansas, inda danginsa suke.

Babbar asarar da ta biyo baya ita ce ta ayyukan nasa. Manyan kamfanoni na da ɗakunan ajiya, shi kuwa Micheaux 'yan kwafi kaɗan yake bugawa, ya yi ta yawo da su har su lalace, kuma sinadarin da ake yin fim da shi a lokacin mai saurin ruɓewa ne da kama wuta. Daga cikin fina-finansa marasa magana sama da 20, uku ne kawai suka rage, kuma The Homesteader ba ya cikinsu. Within Our Gates ma an daɗe ana zaton ya ɓata, sai da aka gano kwafi ɗaya tak a ma'ajiyar fina-finai ta ƙasar Sifaniya, an sauya masa suna zuwa La Negra. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin fina-finan tarihi na ƙasa a shekarar 1992, ya kuma gyara shi a shekarar 1993. Wani fim ɗin nasa na shekarar 1920, The Symbol of the Unconquered, a ƙasar Beljiyam aka same shi.

Masu shirya fina-finai da kuɗin aljihunsu na da abin dubawa a wannan tarihi. Micheaux ya fara ne da labarin da ya fi kowa sani, wato nasa, ya kuma san 'yan kallonsa tun kafin ya ɗauki kyamara. Riƙe rubutu da kuɗi da talla a hannu guda shi ya ba shi damar faɗin abin da Hollywood ba ta son a faɗa, amma kuma shi ne ya hana shi lokacin da zai tsaya ya kyautata aiki, ya kuma bar shi ba shi da abin da zai dogara da shi sa'ad da fasaha ta sauya. Gaugawar fitar da fim na gaba ta hana shi adana na baya, har aka wayi gari akasarin guminsa ya salwanta.

Karramawa ta zo ne bayan ƙasa ta rufe masa ido. A shekarar 1986 ƙungiyar daraktocin Amurka ta ba shi lambar yabo ta musamman, a shekarar 1987 aka sa sunansa a titin taurari na Hollywood, wurin da bai taɓa yi wa aiki ba, sannan a shekarar 2010 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki mai ɗauke da hotonsa. A shekarar 2019 kuma aka ƙara Body and Soul a jerin fina-finan tarihi na ƙasar, shekaru 94 bayan da masu tace fina-finai suka ƙi amincewa da shi.