Jim Thorpe: Ɗan wasan da aka ƙwace wa zinare, aka mayar masa bayan shekara 110

Ranar 9 ga Nuwamba, 1912, 'yan wasan wata ƙaramar makarantar koyon sana'a da ke garin Carlisle a jihar Pennsylvania suka isa West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka. Wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka ya kai su, wanda ya fi kama da zari-ruga, domin da hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga da ita.

Baƙin duk 'ya'yan ƙabilun asalin ƙasar ne, waɗanda Turawa suka tarar, suka kuma raba su da filayensu. Shekara 22 kacal kafin wannan rana sojojin Amurka suka yi wa 'yan ƙabilar Lakota kisan kiyashi a Wounded Knee.

An tashi wasa Carlisle na da maki 27, sojoji na da 6. Cikin waɗanda suka sha kashi har da Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Tauraron ranar shi ne Jim Thorpe.

Maraya a makarantar kwana

An haifi Thorpe a 1887 a yankin da yanzu yake jihar Oklahoma, a ƙabilar Sac da Fox. Sunansa na gida Wa-Tho-Huk, ma'ana hanya mai haske. Tagwaye ne, amma ɗan'uwansa Charlie ya rasu da ciwon huhu suna da shekara tara. Mahaifiyarsa ta bi baya 'yan shekaru kaɗan, mahaifinsa kuma ya rasu a 1904, shekarar da yaron ya shiga Carlisle.

Wani hafsan soja, Richard Henry Pratt, shi ya kafa makarantar a 1879, da manufar raba yaran da al'adunsu. Da zarar yaro ya iso sai a aske masa gashi, a sa masa kayan Turawa, a hana shi magana da harshen iyayensa. Yara sama da 180 aka binne a maƙabartar makarantar kafin a rufe ta a 1918.

A 1907 Thorpe ya bi ta filin wasa ya tarar ana atisayen tsalle. Da kayan jikinsa, ba tare da wani shiri ba, ya tsallake sandar da ta gagari 'yan wasan makarantar. Daga nan koci Glenn Warner, wanda ake wa laƙabi da Pop, ya sa masa ido.

Shekarun da Carlisle ta gagara

'Yan Carlisle ba su kai abokan karawarsu girman jiki ba, ba su kuma da yawan 'yan canji, kuma manyan wasanninsu a gidan wasu suke buga su. Sai suka dogara da gudu da dabara da yaudarar abokin hamayya.

A 1911 suka je gidan Jami'ar Harvard suka doke ta da maki 18 da 15, inda Thorpe ya buga ƙwallo ta tsakanin sanduna har sau huɗu. Wasa 11 suka ci a kakar, suka faɗi ɗaya.

Kakar 1912 ta fi armashi: nasara 12, canjaras ɗaya, rashin nasara ɗaya a hannun Jami'ar Pennsylvania. Thorpe ya kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya sau 25, ya tara maki 198 shi kaɗai. Shi ne mai gudu da ƙwallo, shi ne mai bugu, shi ne kuma mai tsaron baya.

Zinare biyu da kuɗin cefane

Kafin a fara wannan kaka, a watan Yuli, ya wakilci Amurka a gasar Olamfik a Stockholm, babban birnin Suwidin. Ya lashe gasar wasanni biyar, inda ya zo na ɗaya a huɗu daga ciki. Ya kuma lashe ta wasanni goma da maki 8,412. Sarki Gustav na biyar ne ya miƙa masa kyaututtukan, birnin New York kuma ya tarbe shi da gagarumin jerin gwano.

Murnar ba ta je ko'ina ba. A Janairun 1913 jaridar Worcester Telegram ta fallasa cewa a 1909 da 1910 ya buga wasan besbol a wata ƙaramar ƙungiya a North Carolina, ana biyan sa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A wancan zamani, duk wanda ya taɓa karɓar kuɗi a wasa ba shi da hurumin shiga Olamfik.

Ɗaliban jami'o'i da dama suna yin haka lokacin hutu, amma da sunayen bogi. Shi da sunansa na gaskiya ya buga. Dokar gasar ta ce a shigar da ƙorafi cikin kwana 30, wannan kuwa ya zo bayan wata shida. Duk da haka aka karɓe lambobin, aka goge sunansa, aka ɗora Hugo Wieslander na Suwidin da Ferdinand Bie na Norway a matsayin zakaru.

Suna ba kuɗi

Thorpe ya koma wasan kuɗi gadan-gadan. Ya buga besbol a New York Giants, ya kuma kai Canton Bulldogs ga lashe kambun ƙwallo a 1916 da 1917 da 1919. A 1920 aka naɗa shi shugaban farko na ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NFL. Ya yi ritaya a 1928 yana da shekara 41.

Daga nan rayuwa ta juya masa baya. Lokacin karayar tattalin arzikin da ta biyo bayan 1929 ya yi leburanci, ya yi gadi, ya riƙa fitowa a ƙananan matsayi a finafinan Hollywood. Shan giya ya yi masa illa, aurensa biyu suka mutu.

A 1950 kamfanin dillancin labarai na AP ya zaɓe shi gwarzon ɗan wasan rabin farko na ƙarni na 20. A daidai wannan tsakani aka kwantar da shi a asibiti da sankarar leɓe, ba shi da kuɗin magani. Ya rasu da ciwon zuciya ranar 28 ga Maris, 1953 a Lomita, California, wata biyu bayan rantsar da Eisenhower.

Ko gawarsa ba ta huta ba. Matarsa ta uku, Patricia, ta ƙulla yarjejeniya da wasu garuruwa biyu a Pennsylvania, suka haɗe suka sauya suna zuwa Jim Thorpe, aka binne shi a can, garin da bai taɓa takawa ba. 'Ya'yansa sun kai ƙara don a mayar da shi Oklahoma, amma a 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron batun.

A 1982 Kwamitin Olamfik na Duniya ya mayar da sunansa, amma a matsayin wanda ya raba kambu da wasu. Sai ranar 15 ga Yuli, 2022, shekara 110 cif bayan nasararsa a wasanni goma, kwamitin ya ayyana shi kaɗai a matsayin zakaran gasannin biyu. A lokacin ya shekara 69 a ƙasa.