Alhaji Malik Shabazz: Daga Kurkuku Zuwa Arfa

An haifi Malcolm Little ranar 19 ga Mayu, 1925, a birnin Omaha na Amurka, zamanin da dokokin jihohin kudancin ƙasar suka raba baƙaƙe da farare a makarantu, motocin haya da gidajen abinci. Ya yi rashin mahaifi yana ɗan shekara shida. A 1946 aka ɗaure shi bisa laifin sata, a kurkuku kuma ya karɓi aƙidar ƙungiyar Nation of Islam, mai ɗaukar farar fata a matsayin shaiɗanu. Bayan fitowarsa a 1952, ya zama kakakinta da sunan Malcolm X.

A Maris na 1964 ya fice daga ƙungiyar, a Afrilu ya sauke farali. Ganin fari da baƙi sahu ɗaya a Makka ya sa ya watsar da waccan aƙida, ya koma tafarkin Sunna da sunan Alhaji Malik Shabazz.

A Yulin shekarar, Shugaba Lyndon Johnson ya rattaba hannu kan dokar tarayya da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a da ɗaukar aiki. Shabazz ya ga doka a takarda ba ta wadatar ba, muddin ana kashe masu neman rajistar zaɓe a kudu. Don haka ya halarci taron shugabannin Afirka a Alƙahira, yana neman su kai kukan baƙaƙen Amurka Majalisar Ɗinkin Duniya.

An harbe shi a New York ranar 21 ga Fabrairu, 1965, wata shida kafin dokar kare 'yancin zaɓe. Allah Ya jiƙansa.