Samuel Colt, Maƙerin Libarba, Da Yadda A Ke Gane Shekarun Bindigoginsa

Duk malamin da ya taɓa kai 'yan makaranta Dutsen Mesa ko Dutsen Habude a Birnin Kudu ya san tambayar da yara su kan fara yi in sun ga zanen shanun nan, watau yaushe aka yi shi. Mai zanen bai bar suna ba, bai bar shekara ba, sai dai masana su dubi siffar shanun, su lura ba su da tozo irin na shanunmu, su yi ƙiyasi. Amma akwai tsohon kayan da ba ya wahalad da mai bincike haka. Ɗaya daga ciki ita ce libarba, ƙaramar bindigar nan mai ganga a tsakiya, wadda ke juyawa tana kawo harsashi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya baza ta cikin duniya wani Ba'amurke ne, Samuel Colt. Kowane hawa da sauka da ya yi a zamansa ya bar alama a jikin bindigoginsa, saboda haka wanda ya san tarihinsa ya iya karanta shekarunsu.

An haife shi ran 19 ga Yuli, 1814, a birnin Hartford ta jihar Connecticut. Uwarsa ta rasu tun yana ƙarami, ya tashi yana taya ubansa aiki a masaƙa. A lokacin nan bindiga galibi irin ta maharbanmu ce, a ɗura albarushi ta baki, a harba sau ɗaya, a tsaya a sake ɗuri. Cikin 1830 ubansa ya sa shi aikin jirgin ruwa mai suna Corvo, suka tafi Kalkata ta ƙasar Indiya. A kan hanya ya sassaƙa samfurin bindiga mai ganga da itace. Da ya komo ba shi da jari, sai ya shiga yawo gari gari da sunan likita, yana shaƙa wa 'yan kallo wata iska mai sa dariya, suna biyansa. Da kuɗin nan ya riƙa biyan maƙera. Ya sami takardar da ta hana kowa kwaikwayon dabararsa a Ingila cikin 1835, a Amurka kuwa ran 25 ga Fabrairu, 1836.

Ma'aikatarsa ta fari a garin Paterson aka kafa ta. Libarbar Paterson ba ta ɓuya: harbi biyar ta ke yi, ba ta da zoben da ke kare kunama, kunamar ma a naɗe ta ke cikin jiki, ba ta fitowa sai an ɗana. Kasuwa ba ta karɓe ta ba, kamfanin ya karye cikin 1842. Wanda ya ga ta ainihi, to, ya san an ƙera ta tsakanin 1836 da 1842. Colt ya koma gwajin nakiyar ƙarƙashin ruwa da wayar tangaraho, yana fama da bashi.

Ashe rabonsa na can Texas. Cikin 1844 wasu 'yan mahayan dawaki na ƙasar, riƙe da libarbar Paterson, suka kori mayaƙan kabilar Komanci waɗanda suka fi su yawa nesa. Da yaƙi ya tashi tsakanin Amurka da Meksiko cikin 1846, ɗaya daga cikin mahayan nan, Kyaftin Samuel Walker, ya nemi Colt, suka shirya wata babba mai harbi shida, gwamnati ta yi odar 1,000. Da ya ke Colt ba shi da ma'aikata, sai Eli Whitney ƙarami ya ƙera masa cikin 1847. Jimlarsu 1,100, kowace nauyinta ya kai kilo biyu, na soja kuma an buga musu harafin kamfanin soja, daga A zuwa E. Walker kansa an kashe shi a yaƙin cikin Oktoba na shekarar. Saboda ƙarancinsu, cikin 2018 aka sayar da ɗaya a gwanjo dala 1,840,000.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Ya koma Hartford ya fara ƙera wadda a ke kira Dragoon cikin 1848. Ita kuwa iri uku ce, masu tara tsofaffin bindigogi kuma da abu biyu su ke rarrabe su. Ta farko, 'yan ramukan jikin ganga masu tsayad da ita kamar ƙwai su ke, bayan zoben kunama kuma yana da kusurwa. Ta biyu, wadda aka yi cikin 1850 da 1851, ramukan sun zama masu kusurwa huɗu, zoben bai sāke ba. Ta uku, daga 1851, ramuka masu kusurwa huɗu, zobe kuwa kewayayye. Haka kuma zanen jikin ganga shaida ne. 'Yar ƙaramar ta aljihu ta 1849 tana da hoton 'yan fashi sun tare keken doki. Ta 1851, mai bututu kusurwa takwas, tana da hoton yaƙin jiragen ruwa da aka yi a Campeche cikin 1843, shi ya sa a ke kiranta Navy. Ta 1860 da a ke kira Army bututunta mulmulalle ne, gaban gangarta kuma ya fi bayanta kauri.

Asirin arzikinsa bai tsaya ga dabarar ganga ba. Cikin 1849 ya ɗauki wani gwanin injuna, Elisha Root, suka shirya aiki yadda inji zai yanka kowane ƙarfe bisa awo ɗaya, mutum ya ƙarasa gyara da hannu. Kowace bindiga aka ba ta lamba bi da bi, aka buga lambar a bututu da jiki da zoben kunama da gindin ƙota da ganga. Wannan lamba ita ce babbar shaida. Masana sun tsara jerin lambobin kowane iri shekara shekara. In lambobin jikin bindiga ɗaya suka saɓa wa juna, to, haɗin gambiza ce, darajarta ta faɗi.

Cikin 1851 ya kai kayansa babban nunin kayayyaki na London, sa'an nan ya buɗe ma'aikata a birnin, wadda ya rufe cikin 1856 bayan yaƙin Kirimiya. Waɗanda aka ƙera can suna ɗauke da sunan London a kan bututu, da hatimi mai kambi na gwajin Ingila, yawancinsu kuma zoben kunamarsu baƙin ƙarfe ne maimakon tagulla. Sai dai a yi hattara: da yawa an rubuta musu New York, alhali a Hartford aka ƙera su, inda ya gina babbar ma'aikatarsa a bakin kogin Connecticut cikin 1855.

Ba ma ɓoye aibinsa ba. Mutum ne mai son riba ko ta halin ƙaƙa. Ya sayar wa Ingila, ya sayar wa Rasha, suna gāba da juna. Ya yi ta aika makamai jihohin kudancin Amurka har gab da tashin yaƙin basasa cikin 1861, sa'an nan ya juya yana sayar wa gwamnati. Bindigarsa kuwa ta taimaka wajen raba jajayen mutanen Amurka da ƙasar kakanninsu. Ya yi kuskuren ciniki kuma: wani ma'aikacinsa, Rollin White, ya kawo masa dabarar huda ganga har baya, ya ƙi, sai kamfanin Smith & Wesson ya karɓa ya yi libarba mai cin harsashin kwanso. Don haka duk libarbar da kamfaninsa ya ƙera da ransa ta gaban ganga a ke ɗura mata albarushi da dalma, a sa 'yar hular tagulla a baya.

Ya mutu ran 10 ga Janairu, 1862, yana da shekara 47, yana cikin manyan attajiran Amurka. Cikin Fabrairu, 1864, gobara ta cinye ma'aikatar, matarsa Elizabeth ta sake gina ta. Shahararriyar libarbar nan ta 1873 da a ke gani a sinima, sunansa kawai ta ɗauka, don ta fito shekara 11 bayan mutuwarsa. Tun wajen 1959 kuma maƙeran Italiya ke yin kwaikwayon tsofaffin, ana gane su da hatimin gwajin Italiya.

To, ina ruwanmu da wannan? Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta sha hare-haren Ningawa a ƙarni na 19, tsofaffin makamai kuma su kan fito wajen rabon gado. Ba kowace libarba ce ta Colt ba. Sojan Ingila sun karɓi irin Webley tun 1887, kafin cin Kano cikin 1903, ita kuwa ana karya ta ne ta sama kamar ƙyaure in za a sa harsashi. Wanda ya ci karo da irin wannan kaya, kada ya goge shi da yashi ko toka, don gogewa na shafe lamba da hatimi, watau ta shafe tarihin ke nan. Kada ya gwada harbi, gama tsohon ɗuri ya kan tashi, tsohon ƙarfe kuma ya kan fashe. Ya sani kuma Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka hana riƙewa sai da lasin na musamman. Abin da ya kamata shi ne ya rubuta lambarta da alamunta da sunan wanda aka gāda a wurinsa, ya sanad da hakimi da 'yan sanda, a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi irin na Gidan Makama a Kano. Malamanmu kuwa muna roƙonsu su koya wa yara duban alama kafin yanke magana, ko a jikin dutse ko a jikin ƙarfe.